Mudu Ɗaya ga Kowane Yaro, Adalci ne?

Kusan kowace makarantar firamare tana da yaron da ake kira daƙiƙi. Yana da wayo a wasa, ya iya ba da labari, idan an aike shi kasuwa canji ba ya ɓace masa, amma da zarar an buɗe littafi sai haɗa baƙi ya gagare shi. Hausawa na cewa laifin babba rowa, laifin yaro ƙiwuya, don haka aka saba ɗaukar abin ƙiwuya ne, maganinsa bulala.

Likitoci sun daɗe da gane cewa ba haka ba ne. Likitan ido Rudolf Berlin na Jamus ne ya raɗa wa matsalar suna disleksiya. A 1896 Pringle Morgan, likita a Ingila, ya yi rubutu kan yaro ɗan shekara 14 mai kaifin basira da ya kasa karatu, wanda malaminsa ya ce da da baki ake koyarwa, babu wanda zai fi shi a makarantar. Ƙwaƙwalwar irin wannan yaro ce ke wahala wajen haɗa harafi da sautinsa, kuma sau da yawa gado ne.

Tambayarmu ita ce: idan malami ya ba yara duka darasi ɗaya, lokaci ɗaya, jarrabawa ɗaya, ya yi adalci? A ganinmu daidaitawa kawai ya yi. Wanda ya ɗinka wa 'ya'yansa riga awo ɗaya bai nuna bambanci ba, amma wani ba za ta shige shi ba. Hukunci kuwa yana hawa kan wanda ya iya ya ƙi. Dukan wanda ya kasa zalunci ne, ko da niyya mai kyau aka yi shi.

Wani zai ce aji ya cika maƙil, ina malami zai sami lokaci? Uzuri ne mai ƙarfi, kuma nauyin gwamnati ne, musamman tunda a 2019 aka sa hannu kan dokar hana wariya ga masu buƙata ta musamman a Najeriya. Sai dai wasu abubuwan ba sa cin kuɗi: koyar da sauti ɗaya bayan ɗaya, bari yaro ya zana harafi a ƙasa yana furtawa, ƙara masa lokaci, gwada shi da baki, da daina kiransa daƙiƙi. Yaron da ya yarda da wannan suna zai daina ƙoƙari, alhakinsa kuma yana wuyanmu.