Wayar Cikin Bango Amana Ce

Ya 'yan'uwa Musulmi, yau maganarmu a kan lissafin da mai aikin lantarki ke miƙa wa mai gida ce.

Malaman Malikiyya sun sharɗanta a san ladan ijara tun wajen ƙulla ta. To, ina ga wanda ya rubuta kuɗin waya 2.5, ya binne 1.5 cikin bango don ba a gani? Wannan tauye mudu ne, wanda Suratul Muɗaffifina ta yi wa narko. Siririyar waya kuwa, in kaya suka yi mata yawa, zafi take ɗauka, gobara ta tashi iyali suna barci.

A rubuta kuɗin kaya daban, na aiki daban, da rasit na gaskiya. Kai kuma Alhaji, in an gama, bar cewa a dawo gobe.