Tawakkali da Tsohuwar Mota

Ban yarda da direban da zai loda albasar Aliero a tsohuwar a-kori-kura, ya bar kwalta ya faɗa yashi bai duba ruwan lagireto ba, wai ya dogara ga Allah. Kawuna ya tsufa yana jigila tsakanin kasuwar Jega da ƙauyukan Maiyama. Da asuba sai ya murza baƙin mai a yatsa, ya taɓa fambel, sannan ya yi bisimilla. In inji ya shaƙe a daji, filta yake kwancewa ya hure ƙura, ba ya ɗora wa ƙaddara. Ai sabuban ma Allah ne Ya halicce su. Kuma in mota ta mutu da rana tsaka, mata da yaran da ke bisa buhuna ke shan ƙishirwa, alhali ba su suka yi sakacin ba.