Sanƙo, Hula da Alwala: Tambayar Wani Muridi Kan Dashen Gashi

Godiya ta tabbata ga Allah da ya halicce mu a surar da ya so. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugaba, Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa. Allah ya ƙara yarda da Maulana Shehu Ahmadu Tijjani da Shehu Ibrahim Inyas da sauran waliyyansa baki ɗaya.

Ƴan uwa a cikin Allah, maganar da na zo da ita wani zai ga ta yi ƙanƙanta a ce an rubuta ta cikin sha'anin ɗariƙa. Ni ma na daɗe ina ganin haka, har ranar da na lura cewa ita ce ke shigo mini cikin wazifa fiye da kowane tunani. Abin da ya iya raba bawa da halartar zuciya a lokacin zikiri kuwa ya wuce a kira shi ƙarami.

Shekarata 24. Tun ina da 19 gashin goshina ya fara ja da baya, yanzu goshi da tsakar kai sun haɗe, abin da ya rage sai zobe daga kunne zuwa kunne ta ƙeya. A fada abokai suna kirana Alhaji, wani ya ce sanƙo alamar arziki ce, in an samu kada in manta da su. Ina dariya tare da su, in sha shayina, in koma ɗaki in kunna fitilar salula ina duba tsakar kai a madubi.

Hula ta zame mini mafaka. A zawiya mutane suna ganin saurayi ɗan jami'a da ba ya rabuwa da hula, har wani dattijo ya taɓa yaba mini a gaban jama'a, ya ce ga yaron da boko bai lalata ba. Na sunkuyar da kai kamar mai kunya, alhali ni na san abin da ke ƙarƙashin hular da dalilin sa ta. Sai dai alwala ba ta san wannan dabara ba. A mazhabarmu ta Malikiyya shafar kai duka farilla ce, daga goshi zuwa ƙeya. Dole in tuɓe hula, tafin hannuna ya bi ta kan fatar da nake ɓoyewa. Na kai ga zaɓen lungun da zan tsuguna da butata, in yi shafar da sauri kamar mai sata.

A haka tallan dashen gashi ya same ni. Duk wanda ya taɓa bincika maganar sanƙo a intanet ya san yadda hotuna ke biyo shi a Facebook da TikTok: ga mutum kafin aiki, ga shi bayan aiki, akasari daga asibitocin Istanbul na Turkiyya. Na tura hotunan kaina ga wani asibiti ta WhatsApp. Kafin in gama sallar la'asar sun amsa, da farashi da kwanakin otel, da alkawarin cewa ba wanda zai gane an yi mini aiki.

Na zauna na karanta yadda aikin yake, domin malamai sun koya mana ba a yanke hukunci kan abu sai an san shi. Irin sanƙona gado ne. Wani sinadari na jikin namiji da ake kira DHT shi ke ƙanƙantar da saiwar gashin goshi da tsakar kai a hankali har ta daina fitar da gashin kirki, amma saiwar ƙeya da gefen kai galibi ba ta jin sa. Wani likita a Amurka, Norman Orentreich, ya nuna a 1959 cewa in aka ciro saiwa daga ƙeya aka dasa a goshi, tana riƙe halinta na ƙeya. A kan wannan aka gina sana'ar duka. Ko dai a yanko siririyar fata daga ƙeya a rarraba saiwoyinta, ko a ciro su ɗaya bayan ɗaya, sannan a huda wurin sanƙon a dasa. Gashin da aka dasa yakan zube cikin makonnin farko, ya fara tsirowa bayan wata uku ko huɗu, ba a ganin cikar aikin sai wajen shekara.

Wanda ya taɓa ganin dashen albasa a Galmi zai gane inda matsalar take. Ba a dasa fiye da abin da ke cikin bedin reno. Likita ba ya ƙara wa mutum ko sili ɗaya, kwasa yake daga baya ya kai gaba, kuma gurbin da aka ciro ba ya sake tsirowa. Likitoci suna auna sanƙo da ma'aunin Norwood mai hawa bakwai, ni ina wajen hawa na biyar ko shida. Mai irin wannan, gonarsa ta fi irinsa yawa. Ga shi kuma saurayi ne, zubar ba ta tsaya ba: a dasa masa goshi bana, baɗi na bayansa ya ci gaba da zuba, a bar shi da tsibirin gashi a gaba, ya koma neman aiki na biyu da ƙeyar da aka riga aka rage. Shi ya sa likitoci masu tsoron Allah suke cewa matashi ya dakata har zubar ta nuna iyakarta, ya fara da magani irin su minoxidil da finasteride, waɗanda su ma da an daina amfaninsu ke tafiya, na biyun kuma yakan taɓa ƙarfin mazakuta ga wasu ƴan kaɗan. Mu baƙar fata muna da ƙari: saiwar gashinmu a lanƙwashe take cikin fata, wanda bai ƙware ba zai yi ta yanke ta wajen cirowa, kuma a cikinmu an fi samun masu tabon da ke tasowa ya yi tudu. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ba a faɗa mini a saƙon da aka turo ba.

Ta fuskar fiƙihu ban sha wahala ba. Na fara da tsoron aya ta 119 a Suratun Nisa'i, inda aka ba da labarin alwashin Shaiɗan na sa mutane su canja halittar Allah, da hadisin da ya tsananta kan mai ƙarin gashi da wadda ake ƙara wa. Amma malamai sun bambanta tsakanin mayar da abin da ya ɓata da ƙirƙiro abin da babu don yaudara. Suna kafa hujja da sahabi Arfaja ɗan As'ad, wanda aka yanke wa hanci a wani yaƙi na jahiliyya, ya sa na azurfa ya yi wari, Annabi (SAW) ya umarce shi ya sa na zinariya. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na 2007 a Maleshiya, ta lissafa dashen gashi ga wanda nasa ya zube cikin ayyukan da suka halatta. Gashin na mutum ne, daga jikinsa zuwa jikinsa. Ko maganar alwala a kwanakin da likita ya hana taɓa wurin, babin shafa a kan bandeji ya ɗauke ta.

Na samu fatawar da nake so, amma zuciyata ba ta kwanta ba. Wata Juma'a bayan an shafa zikiri na jira mutane suka ragu, na matsa kusa da muƙaddaminmu, na tuɓe hula a gabansu na faɗi komai. Suka dubi kan, suka yi murmushi, suka ce: “Ɗana, ka san hadisin mutum uku na Bani Isra'ila?” Na ce: “Na sani, Sayyadi, shi ma cikin hujjojin halaccin yake.” Suka ce: “Rabinsa ka karanta. Je ka ƙarasa.”

Hadisin yana cikin Buhari da Muslim daga Abu Huraira. Allah ya yi nufin jarraba kuturu da mai kwailin kai da makaho, ya aiko musu mala'ika. Ya tambayi kowanne abin da ya fi so. Mai kwailin kai ya roƙi gashi mai kyau, da a ɗauke masa abin da ya sa mutane ke ƙyamarsa. Mala'ika ya shafe shi, gashi ya fito, aka ba shi saniya mai ciki har ya cika kwari da shanu. Nan masu fatawa suke tsayawa, kuma da gaskiyarsu: ba a zarge shi a kan roƙon ba, ba a ce masa ya tafi ya yi haƙuri ba. Allah ya ba shi.

Amma labarin ya ci gaba. Mala'ikan ya dawo masa a irin kamannin da shi yake da su a da, matalauci mai kwailin kai, yana roƙon guzuri don girman wanda ya ba shi gashi da dukiya. Ya hana. Da aka tuna masa yadda yake a baya sai ya musa, kamar yadda kuturun ya musa ya ce gadon iyaye da kakanni ne. Makahon kaɗai ya amsa cewa shi makaho ne a da Allah ya mayar masa da gani, ya ce wa baƙon ya ɗebi abin da yake so. Shi ya tsira, biyun suka gamu da fushin Allah.

Da na kai nan sai alkawarin nan na asibitin ya faɗo mini, cewa ba wanda zai gane. Na tambayi kaina da gaske: gashi nake so, ko so nake a manta na taɓa zama mai sanƙo? Amsar ba ta yi mini daɗi ba. Na riga na shirya yadda zan ce wa mutane na je Turkiyya saro kaya, in ci gaba da hula har shekara ta zagayo, in goge tsofaffin hotunana. Har na hango kaina a fada ina dariya in aka tsokani wani mai sanƙo. Ban samu ko sili ɗaya ba tukuna, amma na riga na haddace amsar da mutumin nan ya ba mala'ika.

Akwai kuma wani bambanci da bai kamata in tsallake ba. Shi wancan cuta ce ta ci masa kai har mutane suna gudunsa. Ni ba wanda ya taɓa tashi daga sahu don na tsaya kusa da shi. Masu tarihi sun siffanta Sayyadina Umar da Sayyadina Aliyu da sanƙo, haka ma Imamu Malik da muke bin mazhabarsa, kuma cikin siffanta kamanninsu suka faɗe shi, ba cikin lissafin aibi ba. Ƙyamar da nake gudu, mafi yawanta ni ke yi wa kaina.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce ta fi nauyi a gidanmu. Abin da aka nema a hannuna ya kai miliyan ɗaya da rabi na sefa, ban da kuɗin jirgi daga Yamai. Ɗalibi ba ya da wannan. Hanya ɗaya na gani: akwai shanu biyu da mahaifiyata ta ajiye da sunana don ranar aurena, ga kuma ɗan abin da yayana zai iya rantawa. Na san in na yi mata kuka za ta ce a sayar. Wannan sanin shi ya fi ba ni tsoro. Mutumin hadisi an ba shi gashi aka ƙara masa da saniya, ni kuwa ina shirin sayar da shanun tsohuwa in sayi gashin da nawa ne tun asali.

Kada wani ya ɗauka ina cewa muridin kirki ba ya neman magani. Wannan ma tarko ne, kuma na kusa faɗawa. Kwana biyu bayan na ƙarasa hadisin na ji kaina ina taƙama a zuci cewa ni na yarda da ƙaddara, ba kamar masu gudu Istanbul ba. Yardar da ke buƙatar a raina wani kafin ta tsaya da ƙafafunta, nafsu ce ta canja riga. Shehu Ibnu Aɗa'illah ya rubuta littafi guda a kan barin tsara wa Allah yadda zai yi da bawa, amma bai hana riƙon sababi ba. Akwai ɗan uwan da wuta ta ƙona wa kai, akwai wanda aka mayar wa da kayan neman aure har sau biyu a kan wannan, akwai wanda baƙin ciki ya hana shi shiga mutane. Wanda yake da hali a cikinsu, ya samu likita mai gaskiya da ya duba ƙeyarsa ya gaya masa iyakar abin da za ta iya bayarwa, ya yi istihara ya tafi, ban ga abin da zan ce masa ba sai addu'a. Abin da zan roƙe shi kawai, in ya dawo kada ya goge hotunan, kuma in wani saurayi ya tambaye shi ya faɗa masa gaskiyar zafin da kuɗin da tabon.

Da na koma wajen muƙaddami na ce na ƙarasa hadisin, ba su tambaye ni me na gane ba. Suka ce: “In ka tashi yi, ka zo in yi maka addu'a. In ka fasa ma ka zo. Amma kafin nan, alwalarka a bakin famfo tare da jama'a.”

Ban ce na fasa har abada ba. Na dai goge lambar asibitin, shanun suna nan, kuma na yi niyyar ganin likitan fata a nan gida in ji ko maganin shafawa zai riƙe abin da ya rage. Na je wajen mai aski na ce ya kwashe zoben duka. Ranar farko da na tuɓe hula a bakin famfon zawiya, dattijon nan da ya taɓa yaba mini yana gefena yana wanke ƙafa. Ya ɗago ya dubi kan, ya ce: “Ashe kai ma namu ne.” Ya ture tasa hular baya ya nuna mini, sannan ya miƙo mini buta.

Ina roƙon ƴan uwa su sa ni cikin addu'a bayan wazifa.