Tsakanin Tuwon Yau da Burin Gobe

Ranar da ɗan bautar ƙasa ya karɓi takardar sallama, ranar ce alawus ɗinsa ke yankewa. Tun da gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa hukumar NYSC a 1973, shekarar hidima ta zama inuwa ta ƙarshe da mai digiri ke fakewa a cikinta kafin ya fito rana. Daga nan sai tambaya ta tare shi. Wanda ya karanta injiniyanci ko aikin jarida, idan aka yi masa tayin koyarwa a makarantar kuɗi ta unguwa, ko zama a rumfar POS, karɓarsa cin amanar burinsa ne, ko kuwa ƙinsa ne girman kai?

Masu ba da shawara sun kasu gida biyu. Iyaye da ƴan'uwa sukan ce ƙwai a baka ya fi kaza a akurki, kuma suna da hujja. Uban da ya sayar da gona ko ya ci bashi don a biya kuɗin rajista yana da haƙƙi a kan ɗansa, ƙanne kuma na jiran a ɗauke musu wani nauyi. Abokai kuwa sukan ce wanda ya saba da ƙaramin albashi zai manta da abin da ya karanta, wata ya bi wata, har a wayi gari buri ya koma labarin da ake ba ƴaƴa. Su ma ba su yi ƙarya ba, domin an sha ganin haka.

A ganina, ɓangarorin biyu sun yi tarayya a kuskure guda, wato ɗaukar buri a matsayin kujera da ake ba mutum a wani ofis. Buri na gaskiya aiki ne da hannu ke yi kullum, ko da biya ko babu. Mai son zama marubuci shi ne wanda ke rubutu, mai son zama injiniya shi ne wanda ba ya iya wuce injin da ya lalace bai leƙa cikinsa ba. Idan aka fahimci haka, sai a ga cewa aikin farko ba shi da ikon kashe buri sai da yardar mai shi.

Tarihi ya ba da shaida. Abubakar Imam malamin makarantar Midil ne a Katsina lokacin da ya rubuta Ruwan Bagaja don gasar ƙagaggun labarai ta 1933, kuma alƙalamin nan ne ya kai shi ga zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Chinua Achebe yana ma'aikacin gidan rediyo ya rubuta Things Fall Apart, wanda ya fito a 1958. Albert Einstein ya gama karatu a 1900, ya nemi aikin koyarwa a jami'a bai samu ba, har ya karɓi aiki a ofishin rajistar ƙirƙire-ƙirƙire na ƙasar Suwizalan a 1902. Yana wannan ofis ne ya fitar da maƙalunsa na 1905 waɗanda suka sauya ilimin kimiyyar lissafi da yanayin halitta. Ba wanda ya zauna jiran kujera daga cikinsu. Sun ba aikin albashi yininsu, sun keɓe wa buri abin da ya rage.

Za a iya cewa zamaninsu daban, kuma akwai gaskiya a ciki. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne, amma malamai da yawa a makarantun kuɗi ba sa ganin ko wannan. Wanda ya yini a tsaye, ya dawo gida babu wuta, da wane ƙarfi zai buɗe littafi? Saboda haka ba kowane tayi ne ya wajaba a karɓa ba. Ma'auni shi ne a tambayi kai: aikin nan halal ne, kuma zai bar mini ko da sa'a guda a yini da zan ciyar da abin da nake son zama? Idan amsa ta zama e, to ƙin sa zaman kashe wando ne da aka yi wa ado da sunan buri.

Cin amanar da ta fi haɗari tana wata ƙofa ce dabam. Ƙuncin neman aiki a ƙasar nan ya kai ga a ranar 15 ga Maris, 2014, mutane fiye da goma suka rasu a turmutsitsin jarrabawar ɗaukar ma'aikatan shige da fice. A cikin irin wannan matsi ne dillalan guraben aiki ke cin kasuwarsu, su ce a kawo kuɗi a karɓi takardar kama aiki. Wanda ya sayi kujera a fagen da yake mafarki zai zaci ya cim ma burinsa, alhali ya danne haƙƙin wanda ya fi shi cancanta, kuma ya shiga da bashin da sau da yawa daga aljihun jama'a ake fanshe shi. Mai rumfar POS da ke bitar littattafansa da dare ya fi shi kusa da zama ƙwararre, domin shi har yanzu hannunsa yake horarwa.

Don haka matashi ya karɓi aikin halal da ya samu ba tare da sunkuyar da kai ba, ya yi shi da amana, domin mai ha'inci a ƙaramin aiki ba zai tsarkaka a babba ba. Sannan ya yanka wa burinsa lokaci kamar yadda ake yanka wa iyali cefane. Sannu ba ta hana zuwa, matuƙar dai ƙafa ba ta daina takawa ba.