Wane Ne Mai Kogin Kwara?

Kogin Kwara yana shigowa Nijeriya ta wajen iyakar Nijar da Benin, ya ratsa ƙasar Bagudo, ya gangara Yawuri. Sau biyu yake cika a shekara. Farin ruwa yakan zo a ƙarshen damina, baƙin ruwa kuwa, wanda ya taso tun daga duwatsun ƙasar Gini, sai lokacin ɗari yake isowa.

Kogi ɗaya ne, amma masu cin abinci a cikinsa suna da yawa. Basarke yana su. Manomi yana shuka shinkafa a fadama. Bafillacen Kaoje yana gangarowa da shanunsa da rani domin ruwa da ciyawar burugu. Mai jirgi yana fiton fatake. Bukatunsu kuwa sukan ci karo: jirgi ya yaga taru, saniya ta faɗa cikin shinkafa, gona ta toshe burtali. To, wa ya cancanta ya raba musu wuri da lokaci?

Waɗansu sun ce wannan aikin hukuma ne ita kaɗai, gama ita ke da masana da taswira, tara jama'a kuwa ɓata lokaci ne, don kowa son kansa zai faɗa. Lalle maganarsu ba ta rasa ƙamshin gaskiya ba. Amma akwai abu biyu da suka manta. Na fari, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Taswira ba ta nuna gurbin da kifi ke ƙwai, ko mashayar da shanu suka saba tun kaka da kakanni. Na biyu, dokar da aka ɗora wa mutum, ranar da ɗan sanda ya juya baya zai karya ta. Wadda aka ƙulla da bakinsa kuwa, kunya ma ta isa ta tsare shi.

Tafkin Kainji abin misali ne. Da aka gama madatsar ruwa a 1968, an sami lantarki, amma an ta da mutum wajen 44,000, tsohon garin Bussa da gonakin Gungawa na tsibirai suka nutse. Daga sama aka yanke wannan shawara. Bayan haka, cikin shekarun 1990, aka ga babban tarun nan da ake kira dala yana kwashe 'ya'yan kifi tun ba su girma ba. Ma'aikatan wani shiri na haɗin gwiwa tsakanin Nijeriya da Jamus suka bi garuruwan bakin tafki, suka zauna da sarakunan ruwa da masunta, aka tattauna. Jihar Kebbi da ta Neja suka hana dala, sarakunan ruwa suka sa ido, har ta ragu ƙwarai a wancan lokaci. Shawara ɗaukar ɗaki.

Sai dai fa ba kowane taro ne shawara ba. In an kira mutane bayan an riga an yanke magana, wannan sanarwa ce. In kuma masu baki kaɗai suka hallara, an zalunci waɗanda ba sa nan: makiyayin da ya tafi mashekari, da matan da ke bandar kifi, da maƙwabcin da ke hayin iyaka. Ruwa bai san iyaka ba. Shi ya sa ƙasashen da ke kan Kwara suka kafa hukuma tasu a 1964, suka sāke mata tsari a 1980. Ƙasa tara ke cikinta, hedkwatarta tana Yamai. Abin da ƙasashe suka ga ya wajaba a kansu, ai ya fi wajaba a kan ƙauyuka.

Akwai kuma waɗanda ba yadda za a yi su zo taro, watau 'ya'yan da ba a haifa ba tukuna. A nan ne aikin hukuma yake: ta tsaya a madadinsu, ko da jama'a duka sun so a kwashe kifi yau.

Ashe kogi ba na kowa ba ne shi kaɗai, amana ce a hannun jama'a. Saboda haka duk wanda ya koyi karatu, in hakimi ko sarkin ruwa ya kira taro, ya kamata ya je, ya karanta wa 'yan'uwansa takardar tun ba su sa hannu ba, sa'an nan ya tambaya: "Wa ba a kira ba?"