Faɗar Aibin Abokin Aiki, Gulma Ce Ko Amana?

A ƙasar Amurka, cikin jihar New Jersey, akwai wani kamfani mai suna Omega, mai ƙera kayan awo. Injunansa ba su motsi sai da umarnin da ke ajiye cikin kwamfuta. Wanda ya shirya kwamfutocin nan, ya kuma riƙe su, shi ne Timothy Lloyd, wanda ya shekara 11 yana aiki a wurin. Cikin watan Yuli na 1996 aka sallame shi. Bayan mako uku, da safe, wani ma'aikaci ya kunna na'ura, nan take umarni fiye da 1,000 suka goge. Ashe Lloyd ya binne wani ɗan gajeren umarni, ya sa masa ranar tashi.

To, ɓarnar nan ba ta zo ba sallama ba. Tun da kamfanin ya bunƙasa, girman Lloyd ya ragu, halinsa ya sake. Ya riƙa husuma da abokan aiki, yana jinkirta aikin da ba shi ke shugabanta ba, har aka gargaɗe shi. Ya tattara umarnin injuna duka wuri guda a hannunsa. Faifan ajiya kuma, watau kwafen da ake komawa gare shi in asali ya ɓata, shi ya ɗauke.

Mutumin kirki yana ƙyamar kai ƙarar abokin aiki, kuma yana da hujja. Fushi ba laifi ba ne. Ma'aikata nawa ne aka rage wa girma, suka yi gunaguni, ba su taɓa ko allura ba? Ofishin da ake ƙirga tsakin kowa, zaman lafiya ya ƙare a cikinsa.

Amma fa ɓacin rai dabam, riƙe mabuɗi dabam. Wanda ya je wa shugaba da zancen murtukewar fuskar wani, gulma ya yi. Wanda ya ce, "Ranka ya daɗe, faifan ajiya yana hannun mutum ɗaya," bai ɓata sunan kowa ba, dukiyar da ake ci daga gare ta ya tsare. Shugabannin ma ba su kuɓuta ba, gama in ɓera na da sata, daddawa ma na da wari: sun sallami mutum ba su karɓi faifan ba.

Hasarar ta kai wajen dala miliyan 10. A 2002 aka ɗaure Lloyd wata 41. Ma'aikata 80 kuwa, waɗanda ba su ci ba, ba su sha ba, suka rasa aikinsu.