Kafin Ka Ce "Ga Wanda Ya Dace"

Duk lokacin da kujerar shugabancin wani shirin yaƙi da talauci ta zama ba kowa a ƙasar nan, ba a daɗewa sai ka ga jaridu da gidajen rediyo da shafukan intanet sun cika da wasiƙun 'yan ƙasa, kowa yana roƙon shugaban ƙasa ko gwamna ya naɗa wane. Sau da yawa kuma mu marubuta ake samu a ce mu tsara wasiƙar, domin mu ne muka san yadda ake jera kalmomi su yi armashi. Saboda haka ya kamata mu tsaya mu tambayi kanmu: shin wane nauyi ne ke kan mutumin da ya ɗaga hannu ya nuna wani, ya ce a damƙa masa haƙƙin talakawa?

Da farko dai, ba laifi ba ne ɗan ƙasa ya ba da shawara. Hasali ma yin shiru ya fi zama laifi, domin idan mutanen kirki suka kame bakinsu, 'yan kanzagi ba za su kame nasu ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma dukiyar da ake magana a kai ta jama'a ce. A shekarar 2022 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana cewa mutum miliyan 133, watau kashi 63 cikin 100 na 'yan Nijeriya, suna fama da talauci ta fuskoki daban-daban, kamar rashin abinci mai gina jiki da ruwan sha da makaranta da asibiti, kuma kimanin miliyan 86 daga cikinsu a Arewa suke. Wanda ke zaune a tsakiyar waɗannan mutane yana da cikakken 'yancin faɗin wanda yake ganin zai iya.

To, amma shawara irin wannan shaida ce, ita kuwa shaida tana da sharuɗɗa. An ruwaito cewa wani mutum ya taɓa yabon wani a gaban Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi, sai Halifa ya bincike shi ko maƙwabcin mutumin ne, ko sun taɓa yin tafiya tare, ko kuwa harkar kuɗi ta taɓa haɗa su. Da ya amsa babu ko ɗaya, sai aka nuna masa cewa ashe bai san shi ba, ganinsa kawai yake yi a masallaci. Idan mai karatu ya ɗauki wannan ma'auni ya auna wasiƙun da muke gani, zai tarar yawancinsu ba za su tsallake ba. Abin da suke ƙunshe da shi bai wuce cewa wane ɗanmu ne, yankinmu bai taɓa riƙe kujerar ba, ya yi wa jam'iyya wahala, yana da fara'a da kyauta. Alhali mai kyauta da abin da ba nasa ba shi ne ya fi kowa haɗari a bakin baitulmali.

Mu dubi yadda fatake suka warware wannan matsala tun zamanin da. A kasuwar kara, baƙon da ya kawo shanu ba ya ba mahauci bashi sai maigidansa, watau mai masaukinsa, ya tsaya masa. Idan mahaucin ya ci amana, wanda ya tsaya shi za a kama, kuma ko ya biya ko sunansa ya mutu a kasuwar. Wannan ne ya sa fatoma ba ya saurin cewa "na san shi". Shi kuwa mai rubuta wasiƙar yabo a jarida, me zai yi asara idan gwaninsa ya wawure kuɗin? Ba komai. Wadda za ta biya bashin ita ce gwauruwar da aka rubuta sunanta a jerin masu karɓar tallafi, wani ya karɓe a madadinta, ita ko labarin wasiƙar ba ta taɓa ji ba. A nan ne matsalar take: mai shaidar daban, mai ɗaukar asarar daban.

Tarihinmu kuwa ya isa ya sa mu taka-tsantsan. An yi shirin ciyar da ƙasa na Obasanjo a 1976, an yi juyin noma na Shagari a 1980, an kafa hukumar DFRRI a 1986, an yi shirin kyautata rayuwar matan karkara na Maryam Babangida a 1987, sai FEAP a 1997, sai NAPEP a 2001, wadda a yau sunanta ya fi rayuwa a jikin babur mai ƙafa uku. Kowanne da ganga aka tarbe shi. A watan Janairun 2024 kuma aka dakatar da ministar jin ƙai, Betta Edu, bisa zargin ba da umarnin a tura naira miliyan 585 zuwa asusun da ba na gwamnati ba. Zargi dai ba hukunci ba ne, amma a cikin wannan watan gwamnati ta tsayar da shirye-shiryen tallafin na wani lokaci, kuma masu jira su ne suka ji a jikinsu.

Wani zai ce, to ai magani shi ne a nemo mai gaskiya, shi ke nan. A nawa ganin wannan ma bai wadatar ba. Lokacin da Babangida ya kafa Bankin Al'umma a 1989 don ba talakawa ƙananan rance, Tai Solarin ya ɗora a kai, malamin makarantar da ƙasa ta shaide shi da gudun duniya. Duk da haka bankin bai yi ƙarko ba, a shekarar 2000 aka haɗe shi da bankin manoma. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma idan ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Hukumar da ba ta bayyana wa jama'a asusunta, wadda 'yan siyasa ke rubuta mata sunayen mabuƙata, za ta iya kayar da waliyyi. Don haka mai ba da shawara na gari ba ya tsayawa ga sunan mutum, sai ya haɗa da sharuɗɗan aikin: a riƙa buga abin da ya shigo da abin da ya fita, a liƙa sunayen masu amfana a kowace mazaɓa inda maƙwabta za su gani, a bar masu binciken kuɗi su yi aikinsu.

Saboda haka, ɗan'uwa marubuci, idan aka kawo maka irin wannan aiki, ka yi wa kanka tambayoyi uku. Shin na taɓa ganin mutumin nan da dukiyar wasu a hannunsa, na kuma ga yadda ya fita da ita? Shin ina da wata riba a naɗinsa, ko kwangila ko aikin ɗana, wadda zan ji kunyar rubutawa a ƙasan wasiƙar? Shin idan ya kauce, zan ɗauki wannan alƙalamin in sake rubutawa, da sunana, cewa a cire shi? Wanda ya iya amsa ukun nan ba tare da zuciyarsa ta yi ɗar ba, to ya rubuta, kuma ya yi wa ƙasa hidima. Wanda kuwa ya kasa, gara ya bayyana siffofin da ake buƙata ya bar wurin suna ba kowa, domin kowa ya ba kura ajiyar nama, ba kurar kaɗai za a tuhuma ba.

Allah Ya sa alƙalumanmu su zama shaida gare mu, ba a kanmu ba.